Faifan da Baba Disa Ya Ce Ya Yanke

Ku da kuke tura wa mutane fim a waya, gani kuke sana'ar nan ba komai ba ce sai kwamfuta da 'yar igiya. Mutum ya miƙo memori, ku danna, ya tafi, ba ku ko ɗaga kai kun ga fuskarsa ba. Shekaranjiya na tambayi ɗayanku wani fim da yake ta zuba wa jama'a, na ce yaya ya ƙare? Ya ce wai shi bai kalla ba. Bai kalla ba, amma yana aika shi gidajen mutane. To ku gyara zama, tunda wuta ta ɗauke ba ku da abin dannawa, in gaya muku yadda muka yi ta a zamaninmu.

Aikin farko da maigidana Malam Buba ya ɗora mini a shagonsa na bakin kasuwa shi ne mayar da kaset baya. Kaset ɗin bidiyo nake nufi, baƙin nan mai girman littafi, wanda yawancinku ba ku taɓa riƙewa ba. Mutum zai kalla ya dawo da shi a ƙarshe, kai za ka mayar da zaren farko kafin wani ya karɓa. Wata shida ina wannan, ban da shara da ɗebo ruwa. Sai da ya ga hannuna ya natsu sannan ya ba ni reza. In zare ya tsinke, sai ka kwance sukurori biyar, ka ɗaga murfin a hankali, don akwai wani ɗan ƙarfe a ciki wanda in ya yi tsalle sai ka wuni a durƙushe kana nemansa. Ka yanke inda ya cukurkuɗe, ka haɗa baki da baki, ka manna salatif ta baya. In ka kuskura ka manna ta gaba, ka ɓata wa mutum na'urar bidiyonsa. Na taɓa yi sau ɗaya. Malam Buba bai dake ni ba, tura ni ya yi gidan mutumin na goge kan bidiyon da ke karanta zaren da farar takarda da sipirit, maigidan na tsaye a kaina, 'ya'yansa bakwai sun kewaye ni suna dariya.

Amma babban abin da ya koya mini ba aikin hannu ba ne. Duk kaset ɗin da ya shigo shago, sabo ne ko gyararre, sai an zauna an kalle shi har rubutun ƙarshe ya hau kafin a ba da shi haya. Da farko na ɗauka gata ne, yaro ya samu kallon banza. Ashe wahala ce. Fim ɗin da ba ya yi maka daɗi sai ka kalle shi tas, ido na ruwa. Dalilinsa biyu. Na ɗaya, mai kwafi yana iya yanke wani wuri ba ka sani ba. Na biyu, kuma shi ne sana'ar, dole ka san wane fim ne zai shiga wane gida. Gidan da aka yi rasuwa ba ka aika musu fim ɗin da uwa ke mutuwa a ciki. Gidan da ka san suruka da matar ɗanta tare suke kallo a tabarma ɗaya, ba ka ba su mai yawan rawa, sai ka haɗa su jin kunyar juna. Mutum zai zo ya ce, "Zaɓa mini mai kyau," ya sakar maka amanar gidansa ke nan.

Da faifai ya zo ya kori kaset, lokacin na riga na buɗe nawa shagon a unguwar Yerimaram, nan Potiskum. Reza ta tafi hutu, man goge baki ya hau aiki. Faifan da ya karce, ka ɗiga masa man kaɗan, ka sa auduga ka goga daga tsakiya zuwa baki, ba zagayawa ake yi ba. Ka wanke, ka shanya a inuwa, ka ɗaga shi a haske. Akwai karcewar da ke gyaruwa, akwai wadda sai dai yara su rataya a keke. Da ganin bayan faifai ina iya gaya maka ko akwai mai rarrafe a gidan da ya kwana.

Sai shekarun tashin hankali suka zo. Ba sai na ba ku labari mai tsawo ba, iyayenku sun sani. Na sauke fostocin da ke jikin shago, na kashe lasifikar da nake jan masu wucewa da ita, don an ce mutanen can ba sa ƙaunar masu sana'armu. Rabin ƙofa nake buɗewa. Aka hana hawa babur, aka sa dokar hana fita, wani lokacin tun rana na sama za ka ga titi ya yi wayam. Abin mamaki, haya ba ta tsaya ba. Mutum an kulle shi a gida da iyalinsa, me zai yi? Dattawan da a da suke cewa fim aikin shashashai ne, su ma suka fara leƙowa suna cewa wai na yara za su karɓa. Wahalar ita ce samo sabon kaya. Duk sati biyu sai na je Kano, kuma tafiyar da muke yi kafin azahar ta koma ta wuni guda. A kowane shinge a sauke ku, ku ɗaga hannu ku taka a ƙasa. Nakan cire kwalayen in zubar, in ɗaure faifan tsirara a leda a ƙasan jaka. Da aka zo aka yanke layin waya gaba ɗaya, sai na zama ɗan aike kuma. Duk mai ɗa ko ɗan'uwa a Kano sai ya kawo mini wasiƙa ko saƙon baki, in dawo masa da amsa.

A cikin dattawan da suka fara zuwa akwai mutum biyu daga Dogo Tebo, kullum tare. Baba Disa tsohon dillalin shanu ne, dogo, ba ya rabuwa da sanda, Hausarsa da ɗanɗanon Ngizimanci. Baba Yohanna kuma Kirista ne mutumin Filato, ya yi ritaya daga gidan waya. Iyalinsa sun koma gida da abin ya yi zafi, shi ya ce gidan da ya gina da hannunsa ba zai bar wa ɓeraye ba. Katanga ɗaya ce tsakaninsu, kuma da daɗewa sun fasa 'yar ƙofa a jikinta. Baba Yohanna ke da ƙaramar na'ura mai allo da batir, a nan suke kallo in an kulle gari.

Kowa a unguwar ya san abin da ke cin Baba Disa. Ɗa namiji ɗaya gare shi, Hamza, direban motar haya. Wata safiya bayan an kwana ana harbi a kusa da su, Hamza ya kwashi matarsa da 'ya'yansa a motar ya nufi Kano. Bai yi wa iyayensa sallama ba, don ya san Baba zai hana shi. Niyyarsa ya ajiye su ya dawo washegari ya ɗauki tsofaffin. Kafin ya juyo aka rufe gari ba shiga ba fita. A kwanakin nan ciwon hawan jinin mahaifiyarsa, Hajja Fanta, ya tashi. Babu mota a gida, babu babur a titi. Da ƙyar aka samu izini aka ɗora ta a kurar ruwa, ba a kai asibiti da ita ba. Sai bayan sadakar bakwai hanya ta buɗe Hamza ya iso. Baba Yohanna yana ƙofar gidansa, a kan idonsa aka yi. Ƙyauren zaure a rufe, takalmin Baba Disa a waje. Hamza ya yi sallama, shiru. Ya sake, shiru. Ya yi ta uku, shiru. Kun san tarbiyyarmu, in ka yi uku ba a amsa ba, juyawa ake yi. Ya juya ya shiga mota.

Tun daga nan Baba Disa bai ƙara ɗaga wayar Hamza ba. Da aka yanke waya, Hamza ya koma tare ni a tashar da motocin Potiskum ke lodi, ya ba ni wasiƙa. Sau uku ina kawowa, sau uku ina mayar masa da ita a manne. Baba Yohanna, da ya ƙare ƙuruciyarsa wajen raba wasiƙu, in ya ga na mayar da ita aljihu sai ya kau da kai.

To, a nan na yi kuskuren da ban taɓa yi ba tun ina gaban Malam Buba. Na dawo daga Kano da wani sabon fim, na ɗaya da na biyu a faifai guda. Labarin wani tsoho ne mai ɗinkin takalma da ya sayar da gonarsa ya yi wa ɗansa karatu. Yaron ya zama babban mutum a birni. Ranar da uban ya kai masa ziyara ya tarar da baƙi a falo, sai yaron ya ce musu ai mai gadinsu ne na ƙauye. Tsohon ya ɗauki jakarsa ya koma gida. Daga baya duniya ta juya wa yaron baya, aiki ya tafi, abokai suka watse. Ina kallonsa a shago, na kai daidai inda ya hau mota zai koma wurin ubansa, sai man janareto ya ƙare, ga lokacin kulle gari ya gabato. Na ce a raina, ai na san sauran. Na kalli irinsa ya fi ɗari. Zai je ya faɗi a ƙafar uban, a yi kuka, liman ya yi nasiha, a rungume juna. Kuma wallahi har daɗi na ji, na ce ga maganin Baba Disa ya zo har shago. Washegari da suka zo na zaro shi na ce, "Baba, ga wani mai kyau na ajiye muku."

Kwana ɗaya ya yi a wurinsu. Da hantsi sai ga su a keke napep. Baba Disa ya dire faifan a kan teburina.

"Ɗanlami, yankakken faifai ka ba ni."

Na ɗaga shi a haske, ko ƙwarzane babu. Na sa a na'ura na tura shi can ƙarshe. Ga yaron ya iso ƙofar gidan ubansa, ƙyaure a rufe. Ga tsohon a cikin zaure a kan buzu. Yaron ya yi sallama, tsohon ya ɗago kai. Ya yi ta biyu, tsohon ya miƙa hannu ya kama sandarsa da ke jingine. Yaron ya buɗe baki zai yi ta uku, sai allo ya yi baƙi, sunayen 'yan wasa suka fara hawa.

A duk faifan da ke shagon nan, wannan ne kaɗai bai kamata ya shiga gidan Baba Disa ba, kuma ni na zaɓa masa da hannuna. Baba Yohanna ya yi mini wani kallo.

Na ce, "Baba, ai ba yankewa ya yi ba, cigaba gare shi. Na uku da na huɗu suna hanya."

Ba ƙarya na yi niyya ba. A sana'armu haka aka saba, a tsayar da fim a inda ya fi zafi don ka dawo neman na gaba. Na lura ba a rubuta cewa a tari kashi na uku ba, amma na ce mai kwafi ne ya cinye wurin.

Ya ce, "Yaushe za ka Kano?"

Na ce sai nan da kwana goma sha biyu.

"To zan jira."

Ba a gida ya jira ba, a bencina ya jira. Kullum bayan azahar sai su zo su zauna, su ɗauko musun daga inda suka ajiye shi jiya. Ni ina goge faifai ina jin su. Baba Yohanna ya tsaya a kan cewa uban zai amsa.

"Alhaji, ku da kanku kuka gaya mini amsa sallama dole ne a addininku. Tsohon nan mai salla ne, ga buzu ga carbi."

"Amsa sallama daban, yafewa daban," in ji Baba Disa. "Ko wanda ya cuce ni a kara wajen cinikin shanu in ya yi mini sallama ina amsawa. Shi ke nan na yafe masa?"

"To ai ka yarda zai amsa ke nan."

"Ban ce ba. Sanda ya ɗauka. Ka taɓa ganin an tari baƙo da sanda?"

Wata rana Baba Disa ya ce masu fim ɗin ma ba su da adalci. Uban ya yi shekaru yana haɗiyar baƙin ciki, su kuma sun nuna wahalar yaron ta minti goma suna so a ji tausayinsa. Baba Yohanna ya ce ai yaron da ƙafarsa ya dawo, ba wanda ya jawo shi, kuma hanyar komawa gida bayan ka yi abin kunya ba ƙaramar hanya ba ce. Baba Disa ya ce yunwa ce ta koro shi, ba nadama ba. Baba Yohanna ya ce ko yunwa ce, ai bai nufi gidan kowa ba sai na ubansa. Haka za su yi ta yi har mai keke ya zo ya ce lokaci ya yi. Ko sau ɗaya ba wanda ya ambaci sunan Hamza. Su ma matan da suka karɓi sauran kwafin suka dame ni da aike, kowa na tambayar na uku, amma ba wanda ya matsa mini kamar Baba. Kullum in zai tashi sai ya ce, "Saura kwana nawa?"

Ranar tafiya na bi motar farko. Sai bayan la'asar muka shiga Kano, washegari da safe na je wurin dilan da nake sarin kaya a hannunsa. Na ce ya ba ni cigaban fim ɗin mai ɗinkin takalma. Ya yi dariya har da buga tebur.

"Kai ma? Babu wani cigaba, Malam Ɗanlami. Haka ya ƙare."

Na ce ba zai yiwu ba, kwafin ne ya samu matsala. Ya ɗauko na asali a cikin kwalinsa ya sa mini. Sallama biyu, sanda, baƙin allo. Ya ce ya tambayi masu fim ɗin da kansa saboda yawan ƙorafi, suka ce da gangan suka yi, ba su da niyyar ƙara ko minti ɗaya. Na zagaya shaguna huɗu ko wani zai ce mini akwai, duk magana ɗaya.

A tasha na tarar da Hamza yana jirana a gindin motarmu. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya gaishe ni ya miƙo wasiƙa ta huɗu.

"Yaya Ɗanlami, yana cin abinci kuwa?"

Na ce ƙanwarsa da ke aure a Dogo Nini tana aika masa kullum.

"Ƙafar fa? Da sanyin nan takan dame shi."

Na ce yana takawa. Ya gyaɗa kai, ya ɗaukar mini jaka har cikin mota.

Duk tsawon hanya tunani ɗaya nake yi. Ba wanda ya bi ni Kano. Ina iya cewa na ga na uku a wurin dila, ba a fara sakinsa ba ne, kuma uban ya buɗe ƙofa ya rungume ɗansa. Da na buɗe shago washegari, Baba Yohanna ya riga abokinsa zuwa, shi kaɗai. Da ya ji babu cigaba, abin da ke raina shi ya faɗa.

"Ɗana, ka ce masa ka gani. Ka ce an amsa. Allah ba zai kama ka da wannan ba, ni ma zan tsaya maka."

Na ce, "Baba, mutumin nan dillalin shanu ne. Da ido yake gane saniyar da aka ɗura wa ruwa. In ya gano, ni da kai duka ya daina jin maganarmu, wa kuma ya rage masa?"

Ban da wannan ma, na riga na cuce shi sau ɗaya da ba shi abin da ban kalla ba. Ban ga yadda zan ƙara masa da abin da ba a taɓa yi ba.

Bayan azahar Baba Disa ya iso. Bai ko zauna ba ya miƙo hannu.

Na ce, "Baba, babu na uku. Na ga na asali da idona, haka ya ƙare. Kuma laifina ne, ban kalle shi har ƙarshe ba na ba ku. Ku yafe ni."

Ya janye hannunsa. Sannan ya zauna a hankali, ya jingine sandarsa.

"Wato su ma ba su sani ba."

"Haka suka bar shi, Baba."

"Sa mini wurin."

Na janyo ƙofar shago, na tayar da janareto, na kai shi daidai isowar yaron. Muka kalla. Ya ce in mayar. Muka sake kalla. A karo na uku ya ce in rage gudu, na danna rimot hoton ya riƙa tafiya taki-taki. Daidai inda hannun tsohon ya sauka a kan sanda ya ce, "Tsaya nan." Ya matso har hancinsa ya kusa taɓa talabijin.

"Yohanna, zo ka gani. Ka ga inda ya kama? Kan sandar ya dafa. Mai niyyar duka a tsakiya yake kamawa. Wannan tashi zai yi."

Baba Yohanna ya washe baki. "To Alhaji, ai magana ta ƙare."

"Ba ta ƙare ba. Tashi zai yi, na yarda. Yana iya tashi ya buɗe ƙofa, yana iya tashi ya shige cikin gida." Ya koma ya zauna. "Kuma shi wannan nasa mai sauƙi ne. Shi aka yi wa laifi, shi ke da ikon yafewa. In wadda aka yi wa laifin ba ta nan fa? Wa ya ba ni izinin yafewa a madadinta?"

Ranar ce farkon da ya ce "ni". Na kashe janareto don ƙararsa ta yi yawa a wurin.

Baba Yohanna ya gyara zama ya fuskance shi. "Alhaji, shekara nawa ina cin tuwon Hajja ta 'yar ƙofar nan? Na san ta. Ranar da yaron nan ya tafi da jikokinta, da yamma ta leƙo ta ce mini, gara da ya fitar da su, yanzu ta samu barci. Ban gaya maka ba don lokacin ba ka jin magana. Da tana nan, kana ganin za ta bari ya kai ga yin sallama? Tun daga jin ƙarar motarsa tana bakin titi ba mayafi."

Baba Disa ya sa gefen rawaninsa ya goge fuska, ya daɗe yana gogewa. Ni kuma na sunkuya ina ta shafa wani faifai da na riga na gama gogewa.

Can na zaro wasiƙar na ajiye a benci kusa da shi. Ya dube ta, ya tura mini ita da yatsa.

"Mayar masa. Ni ba takarda na haifa ba."

Na ɗauka zan sa a aljihu, raina duk ya ɓaci. Ya dafa sandarsa ya miƙe, har ya kai bakin ƙofa, sannan ya tsaya bai juyo ba.

"In ka je, ka ce masa kunnena ya yi nauyi yanzu. In ya zo, kada ya tsaya a uku."

Ban jira sati biyu ba. Kwana biyu tsakani na koma Kano ba tare da ina da kayan da zan saro ba, na faɗa wa Hamza saƙon kamar yadda aka ba ni, ban ƙara ban rage ba. Ya sa na maimaita masa. Ya tsuguna a nan cikin tasha ya rufe fuska da hularsa, 'yan kamasho suna ta kewaye shi.

Ranar wata Juma'a Hamza ya zo. Ni ban je ba, ba hurumina ba ne. Baba Yohanna ne ya ba ni labari, ya ce yana ƙofar gidansa yana ƙirgawa da yatsu. Ta uku ta wuce shiru, har ya ga ƙafar yaron ta motsa kamar zai juya, sai ya dake ya yi ta huɗu. A ta biyar aka zare sakata.

Bayan kwana biyu suka zo shago su biyu kamar kullum, wai a zaɓa musu na dariya saboda jikoki sun cika gida. Na ɗauko wanda na kalla har rubutun ƙarshe. Baba Yohanna ya fara tsokanarsa, ya ce Alhaji dai dillali ne har gobe, sai da ya ja wa yaro rai har sau biyar kafin ya sallama.

Baba Disa ya girgiza kai.

"Ba jan rai ba ne, Yohanna. Kuma kunnena lafiyarsa ƙalau. Tun ta farko ina tsaye a bayan ƙyaure, hannuna a kan sakata. Bakin ne ya ƙi buɗuwa."

Ya karɓi faifan daga hannuna, ya juya shi yana kallon bayansa.

"Wancan karon ma a nan nake tsaye, Ɗanlami. Da ya ƙara ko guda ɗaya."